Keke, Tuta da Shayin Ammu Adam

A duk faɗin Makka, daga Tandabawi har bayan Dutsen Arfa, ba a taɓa yin ɗan Hausa da ya hau keke irin hawana ba. Idan na saki birki a gangaren Mina, raƙuma kan daina tuƙa su bi ni da kallo, kuma akwai direban bas da ya rantse mini cewa sai da na ɓace masa sannan sallamata ta iso kunnensa. Wannan ita ce maganar da nake so ku riƙe, ku 'ya'yana, ku gaya wa naku 'ya'yan. To amma tunda na ji babbanku Faisal yana ba abokansa labari wai mahaifinsa ne mutum na farko a duniya da ya fara motsa jiki ya ƙara nauyi, ya zama dole in zauna in rubuta yadda abin ya kasance. Ba ƙarya ya yi ba. Tsayawa ya yi a tsakiyar labari, kamar yadda kuke yi wa abinci idan waya ta yi ƙara.

Kun san sana'ata biyu ce. Yawancin shekara ina cikin tasi, ina ɗaukar masu umara daga bakin Harami in kai su ziyara: Mina, Muzdalifa, Arfa, in dawo da su sun sayi carbi sun ɗauki hoto. Idan aikin Hajji ya zo kuma sai in ajiye mota in ɗauki tuta. Ni ne nake shiga gaban alhazan ƙasar Hausa daga tantuna zuwa wurin jifa, sanda a sama, su biyo ni kamar 'yan tsaki. Aikin kakanku ne. Shi ya riƙe tuta tun ba a san tanti mai sanyi ba, ya riƙe ta har gwiwarsa ta ƙi, sannan ya miƙo mini. A unguwar Hindawiyya inda aka haife ni direbobin tasi sun fi kuliyoyi yawa, amma mai tuta ɗaya ne a layinmu. Idan Hajji ya matso ko mai gurasar tamis na kan kwana yakan zaɓo mini mai zafi.

A Hajjin da ya gabaci shekarar da nake ba ku labari, na zauna. Iyakar abin ke nan. Muna cikin dogon ramin dutsen nan da ake ratsawa zuwa jifa, alhazai a bayana suna kabbara, sai na ji ƙirjina kamar an ɗora masa buhun shinkafa. Na jingina da bango, na sulale, na zauna a ƙasa. Tsofaffi masu sanda suka riƙa wuce ni suna yi mini sannu. Wata Hajiya da ta kai sa'ar mahaifiyata ta tsaya tana yi mini fifita da gefen hijabinta. Wani daga cikin ma'aikatanmu ya zare tutar daga hannuna ya ƙarasa da mutane.

Bayan an watse, mudir ɗinmu, wato shugaban ofis, Ustaz Bakur, ya kira ni ofis. Abokina ne tun muna buga ƙwallon tsumma, shi ya sa ya fara da zuba mini gahawa kafin ya yanka ni.

"Ya Abu Faisal, baɗi ofis za ka zauna. Ga sanyi, ga kujera, ga waya. Duk alhajin da ya ɓata kai za ka amsa."

"Ni? Ɗan Malam Garba mai tuta ya koma amsa waya?"

"Ɗan Malam Garba ya zauna a rami, ya sheikh. Mutum ɗari biyu a bayanka. Da faɗuwa ka yi, su wa za su ɗaga ka? Sai dai a kira motar ɗaga kaya."

Na yi ta magana, kun san ni. A ƙarshe ya ce to, bayan ƙaramar Sallah zai fita da ni da kansa, daga inda tantunanmu suke zuwa wurin jifa mu dawo, da ƙafa, da hantsi. In na zauna sau ɗaya, ko na jingina da bango, tuta ta tafi ke nan. In ban zauna ba, tawa ce.

Likita ya duba ni ya ce sukari ya hau, gwiwa kuma ba za ta ɗauki wannan kayan a doguwar tafiya ba tukuna, in fara da keke. Na je kasuwar gwanjo na zaɓo wani baƙi mai faffaɗan sirdi. Ranar da na turo shi cikin gida, kakarku Inna tana zaune a tabarmarta tana jan carbi. Ta dube shi, ta dube ni, ta koma yaren Sakkwato da take komawa idan abu ya ɓata mata rai.

"Mi ka kawo muna? Motar taka mutuwa ta yi?"

"Lafiyarta lau, Inna. Magani ne likita ya rubuta."

"Ubanka da ƙahwa yat taho daga Sakkwato, ya ratsa Sudan, bai hau wanga abu ba. Kai ga ka da hurhura, ka hau abin yaran aike. Mutane su ce mun tsiyace."

Mahaifiyarku ma ta fito. Ta zagaya keken sau ɗaya, ta matsa tayar baya da yatsa, ta ce masa, shi keken, "Allah ya ba ka haƙuri."

Saboda maganar Inna ban hau shi a Hindawiyya ba. Na riƙa cusa shi a but ɗin tasi bayan sallar asuba, tayar gaba a waje, in tuƙa zuwa bakin Mina. A nan na sami hanyata. Kun san jirgin ƙasan alhazai da ke bin sama a kan ginshiƙai, daga Mina zuwa Arfa. Kwanakin Hajji kaɗai yake aiki, sauran shekara tashoshinsa a rufe, ƙarafunan suna shan rana. A ƙarƙashinsa da gefensa akwai titin masu tafiya da ƙafa, mai faɗi, sumul, ba mota ba kowa. Sai ka ce don ni aka shimfiɗa shi. Shekaruna nawa ina shiga Mina, amma ban taɓa tsayawa na saurare ta ba kowa ba sai da keken nan. Tantuna farare har iyakar gani, ba tari, ba kabbara, ba mai neman takalminsa. Ƙarar sarƙar keke kawai da numfashina, wanda a makonnin farko ana iya jin sa daga Muzdalifa. Inuwar ginshiƙan jirgin tana faɗo mini ɗaya bayan ɗaya. In na fita fili sai ga tsohuwar magudanar ruwan Ain Zubaida tana bin gindin duwatsu, ginin mutanen da, har yanzu a tsaye. Sau dubu na nuna wa fasinja ita ta tagar mota ina zuba bayani, ban taɓa sa hannu na taɓa dutsenta ba sai lokacin. Na taɓa, na ji sanyi, na ce lallai waɗanda suka ɗora waɗannan duwatsun ba su da tumbi.

To ga inda Faisal yake samun labarinsa. Hanyar ba kowa, amma bakin hanyar da mutane. Duk wanda ke cin abinci da masu ziyara a tsakanin Muzdalifa da Dutsen Arfa ya san ni, don ni nake kawo musu ciniki. A wannan sana'a akwai ƙa'ida da ba a rubuta ba: direban da ya tsayar da fasinja a gabanka ba ya biya, kuma ba ya wucewa bai taɓa komai ba. Haƙƙinsa ne, kuma ƙin karɓa zagi ne. Mu kuma a gida an koya mana mayar da hannun kyauta baya sai shaiɗan. Da farko akwai wani Badawi, Balaraben daji, mai garken raƙuma a gefen hanya, inda masu umara ke tsayawa su sha nono. Yana hango ni zai tatso kwano guda, kumfa a sama, ya haɗo da dabino cike da tafi. Gaba kaɗan ɗan Yaman ne mai ma'asub, wato gurasa da ayaba a kirɓe, a malala zuma da kirim. Shi cewa yake mai keke yana buƙatar ƙarfi, sai ya ninka. A gindin dutsen ga mai raƙumin ado da ake hawa a ɗauki hoto, shi ba ya sayar da abinci, don haka sai ya saya mini askirim kada a ce ya gaza. Sannan a ƙarshe Ammu Adam.

Ammu Adam, wato Baffa Adam, dattijo ne daga cikin Hausawanmu da suka biyo ta Sudan, abokin kakanku. Yana da teburin shayi a inuwar wata bishiya kusa da inda bas-bas ke tsayawa. Shayinsa irin na can ne: in ka tsayar da cokali a ciki ba ya faɗuwa. Kusa da shi kullum akwai faranti na zalabiya tana iyo a ruwan sukari. Tun ina yaro nake shan shayin nan. Ranar da aka binne kakanku, shi ne ya riƙe hannuna daga maƙabarta har gida. Bai taɓa kira na da suna ba, sai dai "ɗana".

Haka na yi ta yi, kullum in dawo gida gumi sharkaf, ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Ina shiga in ce a ba ni wuri, ɗan tsere ya dawo. Har na fara gaya wa mutane a masallaci cewa jallabiyata ta yi mini yawa. Da lokacin komawa asibiti ya yi na hau ma'auni ina murmushi. Likita ya dubi ma'aunin, ya ce in sauka in sake hawa. Na sake. Ya tambaye ni ko keken nake ci.

Muka shiga mota ni da mahaifiyarku, muka wuce gada. Sannan ta ce:

"Abu Faisal, ni na daina sa sukari a gidan nan, yara suna shan shayi kamar magani saboda kai. Gaya mini gaskiya, a ina kake ci?"

Na lissafa mata. Ta kama baki.

"Wato walima kake zuwa kullum, keke ne kawai abin hawa."

"Ya zan yi, Rabi? In ce wa Ammu Adam ba na sha?"

"Ko ka ce wa Ammu Adam ba ka sha, ko ka ce wa Ustaz Bakur ya goge maka kujera. Zaɓi wanda bakinka zai iya faɗa."

Canza hanya ba zai yi ba, don duk wanda na kauce wa zai ji labari daga na gaba, ya ce na fara girman kai. Dole in bi ta gabansu in ƙi. Badawi bai ba ni wahala ba; da na ce masa sukari, ya ce nonon raƙumi ai maganin sukari ne, muka yi ciniki ya sauko zuwa kurɓa biyu ba dabino. Ɗan Yaman ya yi fushin kwana uku ya huce. Mai raƙumin ado ma daɗi ya ji, kuɗinsa sun huta. Saura dattijo.

Na jingina keke a bishiyarsa, muka gaisa. Kafin in zauna har ya cika kofi, ya turo farantin zalabiya. Na dubi kofin. Wallahi ramin jifa bai kai wannan kofin tsawo ba.

"Ammu, yau ba zan sha ba."

"Azumi kake, ɗana?"

"A'a. Likita ne ya hana ni sukari."

"Likita." Ya juya kalmar a baki kamar ya tauna tsakuwa. "Ubanka ya sha shayin nan har ya koma ga Allah. Likitan ya fi ni sanin abin da zan ba ɗan Garba?"

"Bai fi ka ba, Ammu. Amma in na sha, tutar Baba za ta bar gidanmu. A bana za a karɓe ta."

Na zaci wannan zai sauko da shi. Bai sauko ba. Ya ɗauki kofin a hankali, ya juye shi a gindin bishiya ina kallo, ya ɗauraye, ya kife. Ya juya ga wasu masu umara da suka sauko daga bas, ya shiga yi musu maraba kamar ba ni a wurin. Na zauna kaɗan, na yi sallama, ya amsa ba tare da ya waiwayo ba. Ranar ban ga magudanar ruwa ba, ban ga ginshiƙai ba. Na tuƙa kawai na koma Mina. Ku da kuka taso kuna ce wa manya "la, shukran", wato "a'a, na gode", kuna wucewa, ba za ku gane nauyin abin ba. A wurinmu wanda ka ƙi shayinsa kamar ka ce ba ka san shi ba ne.

Washegari na koma. Rana ta uku ma na koma. Kullum in jingina keke, in gaishe shi, in zauna a benci da gorar ruwana, ya yi cinikinsa, in tashi. Mahaifiyarku ta ce me nake nema a wurin wanda ba ya kula ni, na ce shayin aka hana ni, ba a hana ni bencin ba. Mun ɗauki lokaci a haka. Wata safiya ina zaune sai na ji an dangwarar da kofi a gefena. Baƙi ƙirin, ba sukari, ɗaci kamar an jiƙa maɗaci.

"Sha, ya duktur," in ji shi, wato "ya likita". "Na marasa lafiya ne."

Na shanye har ganyen. Daga ranar kullum yana dafa mini nawa daban a ƙaramar buta. Amma "ɗana" bai dawo ba. Har Allah ya karɓi ransa "ya duktur" yake kira na, a gaban kowa. Ina dariya idan ya faɗa, kowa ma yana dariya, sai dai ni na san abin da na biya. Wannan ɓangaren ne Faisal ba ya sa wa a labarinsa, don bai san shi ba.

Daga nan abubuwa suka fara sauka. Numfashina ya daina riga ni isa Muzdalifa. Na fara kaiwa Arfa ba tare da na sauka na tura a hawa ba. Cikin azumi na koma fita bayan la'asar, in yi rabin hanya in juyo. Wata rana na ajiye tasi na fito da keken a tsakiyar Hindawiyya da rana tsaka, na hau, na bi layinmu daga farko har ƙarshe ina kaɗa ƙararrawa. Inna tana leƙe ta taga. Da na shigo ta ce ita ba ta ga komai ba, amma in gaya wa matar maƙwabci da ta ce mun tsiyace cewa ɗanta likita ne ya aike shi.

Bayan Sallah Ustaz Bakur ya cika alkawari. Ya zo da lema da ruwan sanyi da hular rana, muka tashi daga inda tantunanmu suke. Na shiga gaba. Muka shiga ramin nan, na wuce daidai inda na zauna, ban ko dubi bangon ba. Muka kai wurin jifa muka juyo. A dawowa na ji takun bayana yana raguwa. Na waiwaya, sai ga mudir a zaune a kan dakalin hanya, lema a ƙasa, yana haki.

"Ya Ustaz," na ce, "akwai kujera a ofis. Ga sanyi, ga waya."

Ya ɗaga hannu, numfashi bai bar shi ya rama ba. Da ya samu ya ce, "Halas, shi ke nan. Ɗauki abarka."

Ba zan ɓoye muku ba, a duk rayuwata ban taɓa jin kaina ya kai sama kamar a Hajjin wannan shekarar ba. Ranar jifan farko na ɗaga tuta, alhazai suka biyo ni, cunkoso ko'ina, rana kamar ta sauko ta gaishe mu. Jirgin da na yi watanni ina bin ƙarƙashinsa shiru ya farka, yana wucewa cike da mutane. Na kai jama'ata, na dawo da su, ban rasa ko takalmi ɗaya ba, ban zauna ba, ban jingina ba. Da muka iso tanti aka zazzauna ana shan ruwa, ni kuwa na ƙi zama don kowa ya shaida. Na tsaya a tsakiya na shiga ba su tarihi: yadda na yi tsere da raƙuma, yadda na bi titin jirgi har jirgin ya ji kunya, yadda likita ya nemi ya rataye hotona a asibiti. Na bugi ciki na ce musu wannan da suke gani rabina ne kawai, ɗaya rabin na zubar da shi a hanyar Arfa.

Wata tsohuwa daga Kano, wadda ta riƙe gefen rigata tun daga rami, ta sauke gorar ruwa daga bakinta ta dube ni sama da ƙasa.

"To Alhaji, Allah ya yi wa rabin da ya rage albarka," ta ce. "Don ni ko sau ɗaya ban hango tutar nan ba. Shi na yi ta bi."